Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi Da Bincike, Ranar Da Ya Ziyarci Ɗakin Gwajin Kayan Gini A Tawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jihar Tawa, iyayenmu sarakuna, malamanmu, magajin gari, Sarkin Magina da jama'arsa, abokan aiki, da 'ya'yanmu ɗalibai maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, barka da zuwa Adar. Ka taso daga Yamai, ka ratso Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Badagishiri, tafiyar fiye da kilomita 500 a tsakiyar bazara. Sannu da hanya, sannu da rana. A madadin malamai da ma'aikatan wannan ɗaki, ina yi maka maraba da kai da tawagarka baki ɗaya. Baƙonka annabinka, in ji iyayenmu, balle baƙon da ya tako takanas don ya ga aikin da ba kasafai ake zuwa gani ba. Ranar buɗe gada ko makaranta, kowa yana ganin ƙyallen da aka yanke. Wanda ya wanke yashin ya auna, ya gwada ƙarfen kafin a binne shi cikin kankare, yana can bayan fage. Yau ka zo bayan fagen da ƙafarka, kuma mun gode.

Aikinmu a nan shi ne mu fasa abu tun yana ƙarami, don kada ya fashe yana babba a kan mutane. Muna zuba kankare a mazubi mai faɗin santimita 16 da tsayin 32, mu jiƙa shi a ruwa, mu ƙirga masa kwana 28, sannan mu sa shi a bakin injin matsi har ya tsage. Kankaren da aka rubuta wa ƙarfin megafaskal 25 (ma'aunin ƙarfin jure matsi ke nan), irin wanda ake nema a ginshiƙi da dakalin bene, sai ya ɗauki nauyin kusan tan 50 a kan wannan ɗan dunƙule kafin ya ba da kai. In ya gaza, mun san akwai magana: ko siminti ya yi kaɗan, ko yashi ya zo da laka, ko an cika ruwa. Haka muke ja wa ƙarfen gini har ya tsinke, mu ga ko ya miƙe kafin ya katse, ko kuwa ya karye kamar busasshen kara.

Bari in faɗa maka abin da ya sa nake ɗaukar wannan aiki da zafi. Kowa ya san Adar ƙasar 'yan ci-rani ce. Da wuya ka shiga gida a ƙauyukanmu ba ka tarar da wanda ɗansa yake Abijan ko Legas ko Libiya ba. Abin da ɗan ci-rani ya fi sa wa rai shi ne ɗaki: ya gina wa uwarsa, ya gina wa iyalinsa. Wata rana wani bawan Allah ya shigo nan da buhu a kafaɗa. Shekaru ya yi yana dako a bakin teku, yana aiko kuɗi kaɗan-kaɗan ana tara masa bulo. Ya dawo ya tarar da bangon ya tsage tun ba a yi rufi ba. Ya zaro bulo ɗaya ya ajiye a kan teburina. Ban kai shi ga inji ba. Babban yatsana na sa a kusurwarsa na murza, yashi ya zubo a tafin hannuna kamar garin gero. Ya dube ni, na dube shi, na rasa abin da zan ce masa. Wanda ya buga masa bulon ya ja buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu ya fitar, ya shanya a rana bai ba shi ruwa ba. Gumin shekaru ke nan ya tafi a iska. Har yau wannan bulo yana kan kanta a ɗakin gwaji, kuma shi nake fara nuna wa duk ɗalibin da ya shigo ajin farko.

Abin da ya fi ba ni takaici, yawancin ɓarnar ba ta mugunta ba ce, rashin sani ne. Maginin kirki ma yana ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi masa laushin zubawa. Alhali buhun siminti mai kilo 50 ba ya son ruwan da ya wuce kamar lita 25, wato jarka ɗaya, har da danshin da ke cikin yashi. Duk abin da ya ɗaru a kan haka zai ƙafe ne ya bar ƙananan ƙofofi a cikin kankaren. Bayan an zuba kuma sai lamarin ya juya: yanzu ne yake bukatar ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya sanƙare. A ƙasar da zafi ke kai digiri 45 a watan Afrilu da Mayu, iskar hunturu kuma ta tsotse danshi cikin sa'o'i, kankaren da ba a rufe shi an yi ta ba shi ruwa mako guda ba ya riga ya yi asarar wani kaso na ƙarfinsa, kuma ba ya dawowa. Littattafan da muka karanta an rubuta yawancinsu ne a ƙasashen sanyi. Shi ya sa dole mu auna da kanmu, da yashin kwarurrukanmu, da tsakuwar duwatsunmu, a ƙarƙashin ranarmu.

Allah ya hore wa jiharmu kayan siminti. Dutsen farar ƙasa na Malbaza shi ya sa aka kafa masana'anta a can tun shekarun 1960, kuma jibsin da ake ɗan barbaɗawa don kada siminti ya kama da wuri, a ƙasarmu ake tsintar sa. Amma siminti sai an gasa dutse a wuta mai digiri 1450, don haka ba zai taɓa yin arha ga talaka ba. Wannan ne ya mai da hankalinmu ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Ranka shi daɗe, a nan jihar, a garin Yama, akwai masallacin Juma'a da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 da laka da itace. Manomi ne magini, bai yi karatun injiniya ba. A 1986 aka ba wannan masallaci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, duniya ta zo tana kallo. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 ita ma laka ce, ga ta nan tsaye tun gyaran 1844. Maginanmu sun san ƙasa. Tsohon magini zai damƙi ƙasa ya jiƙa, ya murza ta kamar igiya, ya sansana, wani har ya ɗan taɓa da haƙori ya ji ko akwai yashi, ya ce maka wannan ta tubali ce, wannan ta yaɓe ce, wannan kuwa bar ta. Mu kuma mu zuba ta a kwalba da ruwa mu girgiza, tsakuwa da yashi su kwanta nan take, yumɓu ya daɗe yana yawo a sama, mu ɗauki ma'auni. Sau da yawa abin da ma'auninmu ya nuna bayan kwana biyu, shi ne abin da tsohon ya faɗa yana tsaye. Makuba da suke jiƙawa daga ɓawon ɗorawa su zuba a yaɓe don ruwa ya zame, ba camfi ba ne, ilimi ne da ba a rubuta ba. Shi ya sa muka gayyato Sarkin Magina ya zauna a sahun gaba. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke kansu yana tafiya tare da su. A ganina, rubuta shi da gwada shi ya fi kowane aiki da muke yi gaggawa.

Ba zan ɓoye raunin laka ba. Duk mun ga daminar 2024, gidaje nawa suka kwanta, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a watan Satumba. Ruwa ne abokin gabar laka, musamman wanda ya kwanta a gindin bango, da wanda ya sami indararo a toshe. Mutane suka ga haka suka gudu zuwa bulo da kwano, suka sami ɗakin da ba ya zaunuwa da rana, yara da tsofaffi suna kwana a tsakar gida rabin shekara. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya yi. Abin da muke bincike a kai shi ne yadda za a riƙe wannan sanyi a kawar da wancan rauni: jar ƙasa a tankaɗe, a sa mata siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a matse ta da inji ta fito tubali mai kusurwa, a rufe da leda ta nuna a inuwa, a ɗora ta a kan harsashin dutse, wanda Adar ba ta rasa ba. Wanda yake shakka ya je Dandaji ya ga masallaci da ɗakin karatu na Hikma, da 'yarmu Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka tsara, aka gama a 2018 da irin wannan tubali.

Hanya ma ƙasa ce. Kwaltar da ake gani fata ce kawai, ƙashin yana ƙasa, burji ne da aka daddaɓe. Muna jiƙa samfurinsa kwana 4 kafin mu gwada, don mu ga halinsa a damina. Kuma injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa in aka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya tana ninkuwa kamar sau 16. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit ya san abin da manyan motoci ke yi.

Ba a tarbar babban baƙo a ɓoye masa ciwo. Kokenmu na farko, injin matsi ɗaya muke da shi, ɗalibai suna layi a kansa, in ya tsaya aiki ya tsaya. Muna roƙon a ƙara mana, a kuma horar da wanda zai riƙa gyara da daidaita ma'auninsa a nan gida. Na biyu ya fi nauyi a zuciyata: a sa doka ta yi aiki, duk ginin gwamnati, daga ajin makaranta zuwa ɗakin haihuwa, kada a biya ɗan kwangila sai ya kawo takardar gwaji. Sannan a ba mu dama mu riƙa zuwa inda ake buga bulo a bakin hanya, mu koyar, mu auna, don kada wani ɗan ci-rani ya sake shigo mana da buhu a kafaɗa. In kuma hali ya yi, a ba mu aji biyu kacal a wani ƙauye mu gina da matsattsen tubali, mu sa ma'aunin zafi a ciki, a kwatanta da ajin kwano da ke kusa. Gani ya kori ji.

Ranka shi daɗe, ranar da takardar zuwanka ta iso, ɗalibanmu suka kwaɓa kankare da simintin jiharmu da yashin kwarinmu, suka zuba mazubi uku. Yau kwanansu 28 cif. An tsamo su daga ruwa da safen nan, suna can kusa da inji, tare da tubalan jar ƙasa da 'yan mata na aji na biyu suka matsa da hannunsu. Mu kanmu ba mu san adadin da allura za ta nuna ba. Muna roƙonka ka taso mu shiga, ka danna maɓallin da hannunka, mu karanta tare.

Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya da damina mai albarka. Bismillah, ga ƙofa nan.