Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki a Tashar Nazarin Yanayi, Ranar Yanayi ta Duniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu 'yan majalisa, hakimai da dagatai, malamai, shugabannin manoma da na makiyaya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan tasha, tun daga masu hasashe har zuwa mai gadin ƙofa, ina yi maka barka da zuwa, barka da hanya. Yau 23 ga Maris, ranar da aka kafa Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya a 1950, tashoshi irin tamu a ko'ina suna biki. Namu bikin ya fi, domin uban ƙasa ya tako da ƙafarsa cikin wannan zafi na bazara ya ga aikin 'ya'yansa.

Mutanen gari suna ganin mu kullum muna leƙa wani farin akwati mai tagogi a fili, muna rubutu a littafi, muna komawa ciki. A cikin akwatin nan ma'aunin zafi ne da ma'aunin laima. Gefensa ga ma'aunin ruwan sama, ga kuma sanda mai nuna daga ina iska ta taso da irin gudunta. Dare da rana ake karanta su, a aika da sakamakon. A daidai wannan lokaci ana yin haka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ana yi a Damagaram da Agadas da Bilma, ana yi a Faya ta ƙasar Chadi, duka a kan agogo ɗaya. Idan lambobin suka taru sai a zuba su a kan taswira, kowane gari a wurinsa. A nan ne abin da mutum ɗaya ba zai iya gani daga ƙofar gidansa ba yake bayyana.

Abin da taswirar take nuna mana shi ne iska ba ɗaya ba ce. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to haka iska take. Idan ta yi kwanaki a kan hamada sai ta bushe ƙayau, idan ta yi kwanaki a kan teku sai ta sha laima. Masana a birnin Bergen na ƙasar Nowe, a ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes, su ne suka tsara wannan ilimi wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, suka koya wa duniya bin sawun kowane dunƙulen iska da iyakar da yake haɗuwa da wani.

Mu a nan iska biyu ce take juya rayuwarmu. Ta arewa maso gabas tana fitowa daga Sahara, ita ce hunturu, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Mafi yawan ƙurar da take kawo mana tana tashi ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafkin Chadi ya ƙafe tuntuni. Idan tauraron ɗan'adam ya nuna ƙura ta tashi can, kuma Faya da Bilma suka ba da rahoton gani ya ragu, mun san cikin kwana ɗaya ko biyu hazo zai rufe mu, sai a gargaɗi matuƙa jirgin sama da masu asma. Ta biyun tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laimar da ke zama hadari.

Allah ya taimaki Sarki, idan muka shiga ciki za ka ga wani layi da aka ja a kan taswira daga Senegal har zuwa Sudan. Wannan ita ce mahaɗar iskokin biyu, kuma babu layin da muke sa wa ido kamarsa. Muna gane shi ta inda iska ta juya, da inda laima ta faɗi warwas tsakanin gari da gari. A watan Janairu yana can kusa da gaɓar teku. Daga nan yana hawowa arewa sannu a hankali, har a watan Agusta ya wuce Agadas, lokacin da muke cikin marka. Sai ya juya, kaka ta shigo.

Ga wurin da nake roƙon iyayenmu dagatai su saurara da kyau. Isowar layin nan kan gari ba ita ce damina ba. A bakin layin, iskar teku siririya ce a ƙasa, busasshiyar iska tana kwance a kanta. Za a ji gumi, a ga gajimare, wata rana ma a sami yayyafi ko ruwa guda mai ƙarfi. Amma ruwan da ake dogara da shi yana baya, kilomita ɗaruruwa kudu da layin, inda laimar ta yi kauri. Layin kuma ba ya tafiya kai tsaye, yakan hau yau, jibi ya ja da baya. Wannan ne yake cin irin talaka. Ruwan farko ya sauka, magidanci ya kwashe ɗan geron da ya ɓoye ya shuka, ya tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke kwana 15, tsiron ya ƙone. Na ga irin wannan gona, kunya bayan kunya babu abin da ya rage sai busasshen ganye kamar zare, mai ita yana tsaye ba shi da kuɗin sake iri. Shi ya sa masu binciken noma a yankin Sahel ba sa kiran ruwa na shuka sai an sami kamar milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a biyo da tsayawar ruwa fiye da kwana 7 a cikin watan da ya biyo ba.

Ilimin nan bai zo don ya ƙaryata iyayenmu ba. Sun daɗe da sanin cewa hadarin gabas shi ne na gaske, taswira kuma ta tabbatar: manyan hadarurrukan yankinmu daga gabas suke tafiya zuwa yamma, iskar da ke can sama ce take kora su. Kuma hasashe hasashe ne. Ruwa na Allah ne, Shi yake saukar da shi inda Ya so, mu alamomin da Ya shimfiɗa muke karantawa.

Bayan farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a farkon shekarun 1970 aka kafa cibiyar AGRHYMET, mai nazarin yanayi da ruwa don amfanin noma, a Yamai a 1974. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ilimin yana nan, abin da yake damuna shi ne nisan da ke tsakanin wannan taswira da kunnen mai fartanya.

Don haka, ranka ya daɗe, roƙonmu biyu ne. A ba mu dama mu riƙa aika saƙon mako-mako da Hausa ta hannun hakimai, ya sauka ga dagatai da masu unguwanni, a faɗe shi a kasuwa da bayan sallar Juma'a, domin maganar da ta fito daga fada ba a wasa da ita. Sannan kowane hakimi ya ba mu amintaccen mutum guda da za mu koya wa karanta ma'aunin ruwa a gundumarsa. Tsakanin tasha da tasha akwai faɗin ƙasa da taswirarmu ba ta da labarinta, ruwa kuwa yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba.

Nan da ƙarfe ɗaya na rana za a saki balan-balan mai ɗauke da na'urar da ke auna zafi da laima da iska har sama da kilomita 20, kamar yadda ake yi a tashoshin duniya a wannan sa'a. Muna roƙon Sarki ya sake ta da hannunsa mai albarka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya mai da shi fada lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.