Dariya Kan Gawa: Yadda Masu Sharhi Ke Auna Wasan Waƙa Kan Rayuwar Makaranta

Ɗaliba ta faɗi matacciya a kan dandamali, kiɗa ya tashi, 'yan kallo suka kwashe da dariya. A wasan waƙa, wato wasan kwaikwayon dandamali da ake ba da labarinsa cikin waƙoƙi, a daidai wannan gaɓar mai sharhi na jarida ke yanke mafi yawan hukuncinsa. Tambayarsa ɗaya ce: wa ake yi wa dariyar? Idan malaman da suka kawar da kai ne, ko ɗaliban da ke kukan ƙarya don a gan su, to wasan ya ci. Idan kuwa gawar ake yi wa, gobe jarida za ta ce marubutan sun mayar da cin zali da kisan kai abin nishaɗi.

Kafin a kai nan akwai tsari. Sabon wasa yakan yi makonni ana nuna shi ga masu sayen tikiti a matsayin gwaji. A wannan tsakanin ake yanke waƙa, a sauya baiti, a matsar da barkwancin da ya ƙi tashi. Daga nan sai a daina taɓa komai. A birnin New York masu sharhi kan zo a kwanakin ƙarshe na gwajin, amma ba sa sakin rubutunsu sai daren buɗewa. A Landan akwai dare na musamman da ake ware wa 'yan jarida, kuma yawancin jaridun can taurari suke bayarwa, daga 1 zuwa 5. Tauraro 3 shi ne mai ba masu wasa ciwon kai: ba zagi ba ne, amma ba ya sayar da tikiti.

To, ina ake yawan tuntuɓe? A waƙar kanta. Yawanci waƙa a irin wannan wasa ana gina ta ne ta ƙare da bugun da ke kiran tafi. Sa wannan bugu bayan yaro ya rataye kansa, ka ga zaure na tafa wa mutuwa ba tare da ya yi niyya ba. Gwanayen darektoci sukan cire bugun, su bar kiɗan ya zarce cikin fitowa ta gaba, don kada a sami sararin tafawa. Mai sharhi yana lura da wannan ƙwarai.

Sai kashi na biyu, bayan hutun minti 15 ko 20. Kashin farko ya gama cizo, marubuta sun tsorata da abin da suka tayar, sai su koma wa'azi: kowa ya tuba, kowa ya rungumi kowa. A ganina wannan ya fi kowane laifi jawo ƙorafi, domin wasan da ya fara da haƙora ya ƙare da dasashi.

Akwai kuma ƙaramin abu mai kashe babban aiki, wato sauti. Barkwancin yana cikin baiti, galibi a kalmar ƙarshe ta layi. Idan ganga da jita suka danne makirufo, kalmar ta ɓace, kuma mai sharhi ba zai rubuta cewa na'ura ce ta gaza ba. Cewa zai yi wasan ba shi da ban dariya.

Hukuncin jarida dai ba ya ɗaure 'yan kallo a kullum. Heathers, wasan waƙa na barkwanci kan cin zali da kisa a makarantar sakandare, ya sami sharhi mai gauraye da yabo da suka lokacin da aka buɗe shi a New York a 2014. Da ya isa Landan a 2018, matasan da suka haddace waƙoƙinsa ta intanet suka cika zaure, kuma a 2019 ya lashe kyautar WhatsOnStage ta sabon wasan waƙa, wadda 'yan kallo ke zaɓa da ƙuri'a. Carrie kuwa, wani wasan waƙa kan ɗalibar da ake ci wa zali, da masu sharhi suka yi masa ca a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasa ta New York, a 1988, sau 5 kacal aka nuna shi bayan buɗewa, aka rufe.