Ma'anar kalmar "discourse" da yadda ake amfani da ita a Ingilishi

HADIZA: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu tsaya a kan kalma guda ta Ingilishi wadda ɗaliban jami'a suke yawan cin karo da ita a littattafai, 'yan jarida kuma suke son ƙawata rubutunsu da ita, wato "discourse". Ina tare da Malam Sani, wanda ya daɗe yana koyar da Ingilishi, da Malam Nasiru, wanda ya yi karatunsa da Faransanci a Jamhuriyar Nijar. Allah ya gafarta Malam, mutane da yawa suna ɗauka cewa "discourse" da "discuss" kalma ɗaya ce, rubutu ne kawai ya bambanta. Mene ne gaskiyar lamarin?

MALAM SANI: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Kunne ne yake jawo wannan ruɗani, domin a bakin yawancinmu 'yan Najeriya furucin kalmomin biyu ya yi kusa da juna, har za ki ga mutum ya rubuta "topic of discuss" alhali "discuss" aikatau ce, ba ta zama suna. Amma ko asalinsu ba ɗaya ba ne. "Discuss" ta fito daga wata kalmar Latin mai nufin girgiza abu har ya wargaje, kamar yadda ake warware batu a duba sassansa. Ita kuwa "discourse" ta fito daga "discursus", wato kai da komo a guje, daga aikatau "currere" mai nufin gudu, wadda ita ce tushen "current" da "course" da "currency". Ta shiga Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma a farko ba hira take nufi ba. Tana nufin tafiyar da hankali yake yi daga wannan hujja zuwa waccan har ya kai ga hukunci. Shi ya sa a wasan Hamlet, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1600, da yarima Hamlet yake kukan yadda mahaifiyarsa ta yi gaggawar sake aure, sai ya ce ko dabbar da ba ta da "discourse of reason" za ta fi ta daɗewa tana makoki. Abin da yake nufi shi ne baiwar yin tunani a jere.

MALAM NASIRU: Malam, bari in shigo da abin da ya shafe mu, mutanen Maraɗi da Damagaram. A Faransanci "discours" kalma ce ta yau da kullum, kuma jawabi take nufi. Idan shugaban ƙasa ya yi wa al'umma magana a daren bikin 'yancin kai, da wannan suna kowa zai kira abin da ya yi. To, ɗalibin da ya taso da wannan, ya zo karatu Kano ko Sakkwato, sai ya rubuta "the president's discourse" yana nufin jawabin shugaba, alhali mai Ingilishi zai ce "speech" ko "address". Idan Bature ɗan Ingila ya ji "the president's discourse", hankalinsa zai fi tafiya ga salon maganar shugaban gaba ɗaya da irin tunanin da ke ƙarƙashinta, ba ga jawabin jiya da daddare ba.

MALAM SANI: Haka ne, ko da yake Ingilishi ma yana da tsohuwar ma'ana mai kusa da taku, wato dogon bayani mai tsari a kan batu guda, a rubuce ko a baki. A nan ne ake cewa "a discourse on" abu kaza, kuma ana iya yi mata jam'i. Wasu daga cikin shahararrun misalanta ma fassara ce daga Faransanci.

MALAM NASIRU: Ƙwarai kuwa. René Descartes, masanin falsafa ɗan Faransa, ya wallafa littafinsa kan hanyar bincike a 1637 a birnin Leiden na ƙasar Holan, ya rubuta shi da Faransanci a zamanin da malamai suka saba rubutu da Latin, kuma ya zaɓi kiransa "discours" da gangan. Ya bayyana wa abokinsa Mersenne a wasiƙa cewa niyyarsa ita ce ya yi magana a kan hanyar, ba ya koyar da ita ba. Rousseau ya fitar da nasa kan asalin rashin daidaito tsakanin mutane a 1755, sai Aimé Césaire na tsibirin Martinique ya fitar da nasa kan mulkin mallaka a 1950. Duka ukun da "Discourse" ake kiransu a Ingilishi, kuma wanda ya karanta na Césaire ya san cewa kalmar ba ta hana rubutu zafi.

HADIZA: Amma Malam Sani, ɗalibar da ta shiga sashen nazarin harshe ba wannan ma'anar take tararwa ba. Ana ba ta darasi sukutum mai suna "discourse analysis", kuma da yawa suna gama shi ba tare da sun iya faɗin abin da aka nazarta ba.

MALAM SANI: Wannan shi ne wurin da ya kamata mu daɗe. A 1952 wani masanin harshe na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, Zellig Harris, wanda shi ne malamin shahararren masanin harshe Noam Chomsky, ya wallafa maƙala mai wannan suna a mujallar Language. Kafin nan masana nahawu suna tsayawa ne a iyakar jimla, sai shi ya tambaya ko akwai tsari a abin da ya wuce jimla ɗaya, har ya gwada hanyarsa a kan tallar wani man gashi. Daga nan kalmar ta samu ma'anarta ta ilimi, wato harshe a yayin da ake aiki da shi, jimloli a haɗe, a bakin mutane na gaske, a wani wuri da wani lokaci. Bari in kawo misali daga cikin gida. Uwa ta ce wa 'yarta, "Ruwan randa ya ƙare." 'Yar ta ce, "Gobe ina da jarrabawa." Uwar ta ce, "To, kira mini ƙanenki." Idan kika ba masanin nahawu waɗannan jimloli uku, zai tabbatar miki kowacce daidai take, amma ba zai nuna miki wata kalma da ta ɗaure ta farko da ta biyu ba. Duk da haka kowane Bahaushe ya gane cewa ta farko umarni ce da aka sakaya, ta biyu uzuri ce da aka kawo cikin ladabi, ta uku kuma karɓar uzurin ce. Abin da ya sa muka gane haka, shi ake nazarta.

HADIZA: Ke nan ma'anar tana tsakanin jimlolin, da kuma sanin wane ne yake magana da wa.

MALAM SANI: Tabbas, kuma ana iya gano tsarin a fayyace shi. A 1975 John Sinclair da Malcolm Coulthard na Jami'ar Birmingham sun nazarci maganar da ake yi a cikin aji, suka nuna cewa tana tafiya ne hawa uku: malami ya yi tambaya, ɗalibi ya amsa, malami ya yanke hukunci a kan amsar. "Mene ne babban birnin Ghana?" "Accra." "Madalla." Wannan hawa na uku shi ne alamar aji. Idan baƙo ya tare ki a tasha ya tambaye ki hanyar asibiti, kika nuna masa, ba za ki yi tsammanin ya ce miki kin amsa daidai ba, domin shi bai san amsar ba tun farko, malami kuwa ya sani. Akwai kuma ƙananan kalmomi irin su "well" da "so" da "you know" waɗanda ake kira "discourse markers", Deborah Schiffrin ta yi littafi a kansu a 1987. Hausa tana da irinsu birjik: to, ai, dai, fa, kam, kuwa, wato. "Zan zo dai" da "zan zo fa" da "zan zo kam" labari ɗaya suke bayarwa, amma kowacce tana ajiye mai magana a matsayi daban a gaban mai sauraronsa.

HADIZA: Malam Nasiru, sunan da ba a rabuwa da shi a wannan fage shi ne Michel Foucault, masanin falsafa ɗan Faransa, kuma ɗalibai suna kuka da wahalarsa.

MALAM NASIRU: Rubutunsa yana da nauyi, amma tambayar da yake yi a fili take. A littafinsa na 1969 kan tonon asalin ilimi, da kuma laccar kama aiki da ya gabatar a Collège de France, wata babbar cibiyar ilimi a Paris, a watan Disamba na 1970, ya yi amfani da kalmar don nufin dukan tsarin da yake iyakance abin da za a iya faɗi a kan wani batu, da wanda yake da izinin faɗinsa, da abin da za a karɓa a matsayin gaskiya. Ɗauki mutum guda da hankalinsa ya gushe. A asibiti za a kira shi majiyyaci, a ba cutarsa suna, a rubuta masa magani. A wurin mai ruƙiyya za a yi maganar shafar aljanu. A kotu kuwa tambayar ita ce ko yana da alhakin abin da ya aikata. Kowane wuri yana da kalmominsa da masu ikon furta su, kuma abin da za a yi da mutumin ya rataya ne a kan wurin da maganarsa ta yi rinjaye. Da wannan ma'ana ake cewa "medical discourse" ko "colonial discourse", kuma a kanta Edward Said ya gina littafinsa na 1978 kan yadda Turawa suka riƙa siffanta mutanen Gabas.

MALAM SANI: Ni a ganina wannan ma'anar ce ta fi cancantar a koyar da ita da kyau a ƙasashenmu, domin muna ganin aikinta da idonmu. An daɗe ana kiran masu kai hare-hare a Zamfara da Katsina 'yan bindiga ko 'yan fashin daji, sai a ƙarshen 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyinsu a matsayin na 'yan ta'adda. Mutanen ba su canza ba a ranar, amma dokar da za a tuhume su da ita ta canza, haka ma matsayin duk wanda yake hulɗa da su. Irin wannan bincike na alaƙar harshe da iko shi ne Norman Fairclough na Jami'ar Lancaster ya yi fice a kansa tun littafinsa na 1989. Abin da yake damuna shi ne yadda ake ɗaukar kalma mai wannan nauyi a mayar da ita ado, ɗalibi ya rubuta "in this discourse" a farkon amsar jarrabawa alhali "essay" yake nufi, don kawai yana ganin ta fi kama da maganar masu ilimi.

HADIZA: To, da wace kalmar Hausa za mu fassara ta?

MALAM SANI: Babu guda ɗaya da za ta ɗauke ta duka, kuma ba na ganin haka a matsayin gazawar Hausa, tunda a Ingilishin ma ma'anoni ne daban-daban suka taru a kanta cikin shekaru ɗari shida. Idan aka ce "public discourse" ko "political discourse", inda ba a sa mata kalmar Ingilishi "a" a gabanta kuma ba a yi mata jam'i, ana nufin muhawarar da al'umma take yi a jaridu da rediyo da majalisu. Idan dogon rubutu ne, maƙala ko jawabi sun wadatar. A nazarin harshe kuwa na fi son "zance", domin Bahaushe yana cewa zance ya yi nisa, an katse zance, an koma kan zance, duk suna nuna abu mai tafiya wanda sassansa suke riƙe da juna.

MALAM NASIRU: Larabawa sun zaɓi "khiɗab", daga tushen da ya ba mu kalmar huɗuba, kuma da ita suke fassara har ma'anar Foucault. Ita ce ma'anar da ta fi wuyar kamawa da Hausa, kuma idan ina bayani nakan ce tsarin magana a kan abu kaza, sannan in kawo misali nan take.

HADIZA: Saura furuci, da kuma yadda matasa suke amfani da ita a intanet.

MALAM SANI: Idan suna ce, galibi ana ƙarfafa gaɓar farko. Idan aikatau ce, kamar a "to discourse on" wani batu, ana ƙarfafa ta biyu, kuma wannan amfani ya tsufa, ba a cika jinsa a hira ba. A shafukan sada zumunta kuwa, masu Ingilishi sukan ce "the discourse" suna nufin cece-kucen da ake yi a ranar kan wani fim ko furucin wani shahararre, sau da yawa cikin nuna gajiya da shi. Wanda ya tarar da ita a can kada ya ɗauke ta da wannan ma'ana ya kai takardar jarrabawa.

HADIZA: Mun gode, Malam Sani da Malam Nasiru, Allah ya ƙara basira. Masu sauraro, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, mu kwana lafiya.