Kafin a ce yaro ya yi lalaci, a auna tsayinsa

Laccar da wani mai horar da yara ƙwallon ƙafa ya gabatar a Nima, Accra, gaban koci-koci da iyaye. An rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwana koci-koci, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin Kawukudi ranar wasan Colts, wato gasar ƙwallon yara ta Ghana, ya ga abin da zan faɗa. Yara biyu, kowanne shekara 13 a takarda. Ɗaya murya ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa. Ɗayan kuwa rigar ma ta yi masa yawa. Nan take sai ka ji ana cewa na farkon ya rage shekaru. Akwai masu yi, ba na musu, shi ya sa FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma sau da yawa babu wata ƙarya. Jikin yara kamar gero da maiwa ne, wani ya nuna da wuri, wani sai kaka ta yi nisa.

Akwai lokacin da yaro ke miƙewa da sauri. Ga maza yawanci wajen shekara 13 zuwa 14 ne, mata kuwa 11 zuwa 12. A shekara ɗaya sai ya ƙaru da santimita 8 ko 10. Ƙashi ne ke yin gaba, tsoka da jijiya suna biyo shi a baya, sai su ɗaure tamau. Inda jijiyar ta kama ƙashi kuma bai gama ƙwari ba, guringuntsi ne. Daga nan ciwon ƙasan gwiwa yake fitowa, wanda likitoci ke kira Osgood-Schlatter, da na dunduniya da suke kira Sever.

Na yi wannan kuskure da hannuna, kuma har yau yana damuna. Ina da wani yaro ɗan tsakiya, ƙwallo kamar an ɗaura masa a ƙafa. Cikin wata huɗu sai ya rikice, ƙwallo na kuɓuce masa, yana tuntuɓe da ƙafarsa. Na ce lalaci ne, na ƙara masa zagayen fili. Sai wata rana na gan shi yana hawa matakalar masallaci yana dafa bango. Na zaunar da shi, na danna ƙasan gwiwarsa da ɗan yatsa, ya zabura har da hawaye. Wurin ya yi tudu. Mahaifiyarsa ta ce mini, "Koci, ai takalmi biyu na sauya masa bana." Ita ta san yaron yana girma, ni mai usur ban sani ba.

To, yaya za mu gane nauyin da muke ɗora musu? Ba sai da na'ura ba. Bayan an tashi atisaye da kamar rabin awa, ka tambayi yaro shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba: daga sifili zuwa 10, yaya wahalar yau? Idan ya ce 7, kuma minti 90 aka yi, ka ninka, 630 ke nan. Ka rubuta a littafi, ka tara na mako. Abin tsoro shi ne makon da lissafin ya yi tsalle farat ɗaya, kamar bayan hutu ko bayan azumi. Kuma ka tuna ba kai kaɗai ke sa shi gudu ba. Akwai ƙwallon makaranta, akwai ta lungu bayan la'asar, ga ɗiban ruwa, ga Islamiyya. Yaron da ya kamata ya yi barcin awa 8 zuwa 10, da koko kawai ya zo fili.

Wanda yake tsakiyar miƙewa, a rage masa tsalle da gudun tsiya a kan busasshiyar ƙasa, a ƙara masa taɓa ƙwallo da miƙa jiki, a ba shi kwana ɗaya ko biyu a mako ba ƙwallo.

Sai ƙananan nan da muke zaunarwa a benci saboda muna son kofi. A Ingila, a 2015, ƙungiyoyin Firimiya sun gwada haɗa yara wasa bisa girman jiki maimakon shekarun haihuwa. Babban yaro ya rasa wanda zai ture, dole ya yi tunani. Ƙaramin ya samu sararin nuna abin da ya iya. Mu ma za mu iya yin haka sau ɗaya a mako. Ɗan wasan Ghana Mohammed Kudus daga nan Nima ya tashi kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream, da Denmark, da Ajax a 2020. Wa ya san nawa irinsa muka kora don sun makara wajen girma?

Iyaye mata, ga aikinku. Ku samu bango a ɗaki, yaro ya cire takalmi ya tsaya da safe, ku ja layi da fensir ku rubuta kwanan wata. Duk wata uku a sake. Idan tazarar ta kai santimita biyu, ku aiko wa koci. Alhaji, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.