Tsohon Baka Mai Lanƙwasa: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan bakan da kuke gani ya girmi da yawa daga cikin masu kallonmu, kuma har yau yana harbi. Ku dubi ƙarshensa na sama da na ƙasa, yadda suka lanƙwashe suka fuskanci gaba. Turawa na ce masa recurve. Idan aka ja tsirkiya, lanƙwasar nan takan warware, sai ta tara ƙarfin da miƙaƙƙen baka mai tsawo ɗaya da shi ba zai tara ba. Dabarar tsohuwa ce, Turkawa da Mongol sun yi nasu da ƙaho da jijiya. Amma wanda muke magana a kai na Amurka ne, na bayan yaƙin duniya na biyu.

Sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne na kamfanin Bear. Fred Bear ya fara sana'ar a Detroit a 1933, ya koma garin Grayling na jihar Michigan a 1947, kamfanin kuma ya tashi zuwa Florida a 1978. Shi ya sa masu tara irin wannan kaya suke neman wanda aka rubuta wa Grayling, irin su samfurin Grizzly da na Kodiak. Akwai kuma na Ben Pearson daga Arkansas, waɗanda sau da yawa sun fi araha, kuma ni a ganina ba su gaza wajen harbi ba. Da baka mai 'yan tayoyin jan tsirkiya ya shigo kasuwa, wanda Holless Allen ya sami rajistarsa a 1969, sai maharba suka jingine waɗannan a ɗaki. Dalilin yawansu a kasuwar gwanjo ta intanet ke nan.

Ga wani tarko. Bakunan Bear da yawa na ɗauke da rubutun 1953. Shekarar rajistar ƙirar ce a Kanada, kuma an ci gaba da buga ta har farkon shekarun 1970. Kada mai sayarwa ya tsuga maka kuɗi a kan wai shekarar da aka ƙera shi ce.

To, mu zo ga dubawa, don nan ne maganar take. Hannuwan bakan nan falle-falle ne: siririn katako a tsakiya, zaren gilas ciki da waje, an manne su da gam. Gam ɗin nan ya haura shekara hamsin. Bi gefen da farcenka daga sama har ƙasa. In ka ji inda fallen ya ɗaga, ko ka ga wani farin tabo kamar iska ta shiga ƙarƙashi, ajiye shi. Irin wannan kan tarwatse ne a daidai lokacin da ka ja shi kusa da fuskarka.

Sai tsaga. 'Yan siraran layuka masu bin tsawon baka galibi a fenti suka tsaya, ko a saman gilas, mutane na harbi da su. Wadda ta gitta daga gefe zuwa gefe kuwa, ba ciniki.

Na uku, murɗewa. A ɗaura tsirkiya, ka leƙa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya kamata tsirkiyar ta raba bakan biyu daidai, ta kwanta cikin kwarminta. Ƙaramar murɗewa na gyaruwa, babba kuwa tana iya zame da tsirkiya ana cikin harbi. In daga nesa kake saye, nemi hoton wannan kusurwar musamman. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan hoto ɗaya, ka san akwai abin da yake rufewa.

Yanzu nauyi. A jikin mariƙin za ka ga lamba, misali 45. Laba 45 ke nan, kusan kilo 20, idan an ja inci 28. Duk incin da ka ƙara, laba biyu zuwa uku na hawa. Yawancin tsofaffin nan na farauta ne, daga 45 zuwa sama, kuma a nan sababbin hannu ke cutar kansu. Namiji ya ɗauki mai 55 don kada a raina shi, kafaɗa ta yi ciwo, hannu na rawa, bayan wata guda ya jefar. Ina roƙonka, fara da 25 zuwa 35. Ƙarfi zai zo daga baya.

Tsirkiya ma ba kowace ba. Ta zamani ba ta miƙewa, tana iya tsaga kunnuwan tsohon baka. Nemi ta zaren Dacron, wadda ake kira B-50. Kada ka ɗaura ta ta hanyar taka baka da ƙafa, yawancin murɗewar da muka ambata daga nan take. Akwai igiyar ɗaurawa ta musamman, kuɗinta kaɗan ne. Kuma har abada kada ka ja ka saki babu kibiya.

Bakan da ya daɗe a ajiye, lallaɓa shi ake yi. Ja kaɗan, saurara, ƙara ja, kwana biyu ko uku kana haka. Kibiyarsa ta zama mai ɗan nauyi, mai gashin tsuntsu na gaske, domin a kan kafaɗar mariƙin take kwanciya, fiffiken roba kuwa tuntuɓe yake yi a wurin. Wanda ya saba da kiban maharbanmu marasa gashi zai ga bambanci nan take.

Tsaya taku goma daga abin da kake auna, ka tabbata babu kowa a bayansa. Yatsa uku a tsirkiya, ja har ɗan ali ya taɓa gefen bakinka, wuri ɗaya kullum. Zuba ido a ɗigo guda, sassauta yatsu, kada ka sauke hannu sai kibiya ta sauka.

In an gama, kwance tsirkiyar, ka kwantar da shi a kan ƙusa biyu a inuwa. Mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri ya kula da wannan sosai: kada ya bar shi cikin rufaffiyar mota da rana a watan Afrilu, zafin na iya sakin gam ɗin kafin la'asar.