Lambun makaranta na miya ne, hatsi sai gwamnati

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar wa malaman firamare da iyayen yara a birnin Kano)

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, malamai, barkanmu da warhaka.

Ku malamai kun fi ni sanin yaron da ya fito gida ba kari. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara ya kifa kai a benci, kana bayani yana hamma. Don irinsa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ciyar da ɗalibai a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro. Daga baya aka mayar naira 100. Iyayena mata da ke cefane, me naira 100 za ta sayo a kasuwar Yankaba yau?

To sai wasu suka ce a yi lambu, makaranta ta ciyar da kanta. Nan fa na ja da su. Fili nawa makarantar cikin birni take da shi? Wata ko wurin wasa babu. Lambu ba zai cika tukunyar yara dubu ba. Amfaninsa a miya yake: zogale, alayyahu, rama, yakuwa, kuɓewa. Ganye yana taimakawa wajen ƙarancin jini, dankalin Hausa mai jan ciki kuma yana ba da sinadarin bitamin A da ido ke buƙata. Shinkafa da wake da mai kuwa, sai an ware musu kuɗi a kasafi.

Ku dubi Brazil. A 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke bayarwa don abincin makaranta, a wajen ƙananan manoma za a kashe shi. A Indiya kuma Kotun Ƙoli ce ta tilasta dafa wa ɗalibai abincin rana a 2001. Mu da muke da gonakin Kura da Kadawa da kasuwar hatsi ta Dawanau, wane uzuri gare mu? A sayo wake a hannun manominmu, matan unguwa su dafa, a biya su a kan kari. Mai dafawa in ta bi bashi, ludayinta ne ke ƙanƙancewa.

Abin da ke kashe lambun makaranta kuwa, ba wuyar ganewa. Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina, a dawo a tarar ciyawa ta shanye kwami, awakin unguwa sun gama da saura. Da rani kuma ruwan sha ma sai an saya a wajen 'yan garuwa. Shi ya sa nake cewa a fara da zogale, yana jure fari, a kewaye shi tukuna. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhun siminti da ƙasa da taki, ya shuka alayyahu, a riƙa ba shi ruwan alwala. Kafin a tafi hutu, kwamitin iyaye ya sa wa mai gadi ɗan abin hasafi, ya damƙa masa makullin.

Akwai mai tambaya a can baya, a miƙa mata lasifika.