Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sufuri a Ziyararsa Sashen Lodin Kaya na Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, wakilin Mai girma Gwamna, wakilin Mai martaba Sarki, shugabannin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, iyayenmu 'yan kasuwa da masu masana'antu, ma'aikatan reluwe, da 'yan dakonmu da ke tsaye can bakin sito, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa Kano ta Dabo. A madadin masu ɗora kaya da masu sauke kaya a wannan tasha, muna godiya da ka taka da ƙafarka har inda ake lodi. Galibin manyan baƙi a ɗakin jiran fasinja suke tsayawa, su kalli jirgi ta gefen da aka yi wa fenti.

Wannan fili da muke tsaye a kai ya girmi ita kanta hukumar, wadda aka kafa a 1955. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka hango, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, kuma daga nan garin ya sauya. Dalar gyaɗar da ake dangantawa da marigayi Alhassan Ɗantata ai jiran tarago take yi. Buhuna ne da aka tsiba saboda kayan sun fi ƙarfin jirgin da zai kwashe su zuwa Legas. A 1930 layin ya kai Nguru, shanu da fatu da ƙiraga suka riƙa biyowa ta nan. Masana'antun Bompai ma ba da ka aka dasa su a gefen dogo ba.

Yau kayan sun canja, amma ba su ragu ba. Majemun Challawa da Sharaɗa na buƙatar sinadarai daga tashar jirgin ruwa ta Apapa, sannan su tura fatar da suka jeme zuwa waje. Masu sarrafa roba suna jiran kwantenoninsu. Kasuwar Singa tana shan sukari da fulawa da gishiri, Kantin Kwari tana jiran dilolin yadi, Ƙofar Ruwa na neman rodi da siminti. Kusan duka a kan kwalta suke zuwa. Tirela guda buhun siminti 600 take ɗauka, tan 30 ke nan. In kowane tarago ya ɗauki lodin tirela ɗaya, jirgi mai tarago 20 ya raba titi da tireloli 20, da man da suke sha, da shingayen da ake tsayar da su, a tafiyar da ta haura kilomita 1,000.

Sai dai mu da ke cikin harkar mun san jirgin kaya ba ya cin riba in ya koma fanko. Nan ne Kano ta fi ƙarfi. Kasuwar Dawanau na nan da riɗi da zoɓo da waken suya da citta, yawancinsu teku suka nufa. Taragon da ya kawo mana taki ya kamata ya koma da riɗi.

To me ya hana ɗan kasuwa kawo kayansa nan? Ranka ya daɗe, ba jinkirin jirgi ba ne. Mai zoɓo zai haƙura da tafiyar kwanaki, muddin ya san ranar tashi da ranar isa, domin jirgin ruwan da ya kama wa gurbi ba ya jiran kowa. In aka ce Talata, a tashi Talata. Wannan ce roƙonmu na farko, kuma ta fi sauran nauyi a wajenmu: jadawalin jirgin kaya tsayayye, ko da sau ɗaya ne a mako, wanda za a manna a allo kowa ya gani.

Na biyu ya shafi faɗin dogo. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne, sababbin da aka ɗora harsashinsu a 2021, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Muna roƙon tun yanzu a tsara inda za a riƙa juye kaya tsakanin layukan biyu, da injin ɗaga kwantena da sikeli mai gaskiya, kuma a ɗaure tsarin da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wato tashar kayan jirgin ruwa ta kan tudu, wadda aka buɗe a 2023, yadda za a gama da kwastan a gida. A kuma duba 'yan rassan dogon da suka shiga unguwannin masana'antu, a farfaɗo da waɗanda za su farfaɗu kafin gine-gine su rufe su.

Kada kuma a manta da 'yan dako. Su ne za ka gani an jima da buhu a ka, da tsumma a wuya, suna hawa katako zuwa bakin tarago. In inji ya zo, a koya wa 'ya'yansu tuƙa shi.

Mai girma Minista, bayan addu'a, muna gayyatarka mu zagaya sito da wurin haɗa taragai, tsofaffin ma'aikata za su nuna maka abin da ke aiki da abin da ya tsaya. Allah Ya taimake ka a kan wannan nauyi, Ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.